Inganci nake saya ko kwali?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Maigidana ya rasu bara, ya bar mini mota, Toyota Corolla ce da ta kwana biyu. Da ita nake zuwa aiki, da ita nake kai yara makaranta. Yanzu ta fara ƙwanƙwasa a ƙasa in na shiga gargada, birki yana kuka, ɗaya daga fitilun gaba ta fashe. Bakaniken da yake duba ta tun maigidan yana raye ya rubuta mini kaya: takalmin birki, shokozoba biyu na gaba, bol-joyin, famfon ruwa, fulogi da fitila. Ya ce orijina zan saya. Da na tambayi farashi, sai na tarar kusan kowanne ya ninka na araha sau uku ko huɗu. Ƙanena ya ce duk abu ɗaya ne, a Chana ake yin su, kwali kawai zan saya, kuma bakaniken yana da kamasho wurin mai kaya. Kuɗina ba za su sayi orijina duka ba. Ina jin nauyin tuhumar mutumin da ya riƙe wa maigidana amana, amma kuma ina tsoron ko don ni mace ce ake yi mini haka. Me ya sa farashin ya bambanta har haka, kuma maganar wa zan bi?

Amsa:

Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan maigidanki da rahama, ya raya abin da ya bari.

Na lura ba farashin ne ya fi ci miki rai ba, zargin ne. To ki kwantar da hankalinki tukuna. A jerin da bakaniken ya rubuta ban ga abin da ya yi kama da ƙage ba. Tsohuwar mota tana ƙwanƙwasa a ƙasa, birki yana kuka, duk wanda ya san mota nan zai fara kai hannu. Inda ban yarda da shi ba shi ne cewa komai sai orijina. Ƙanenki kuma yana da rabin gaskiya, sai dai rabin da ya rasa ya fi haɗari. In aka bi maganarsa a kan fitila aka yi rashin sa'a, kuɗi kaɗan aka yi asara. In aka bi ta a kan bol-joyin, wato mahaɗin da ke riƙe ƙafar mota, aka yi rashin sa'a, taya ce za ta kwanta mota tana gudu da yara a baya.

Kamfanin da tambarinsa ke goshin mota ba shi ke ƙera yawancin abin da ke cikinta ba. Nasa shi ne tsara motar, da injin, da gangar jiki, da harhaɗawa. Sauran kwangila yake bayarwa. A motocin Toyota, fulogi da altaneta da kik galibi daga Denso suke fitowa, kamfanin da aka cire daga jikin Toyota ɗin kanta a 1949. Famfon ruwa da giya sau da yawa na Aisin ne, shi ma ɗan gida. KYB yana cikin manyan masu yi wa kamfanonin Japan shokozoba, NGK kuma fulogi. A Turai akwai Bosch da aka kafa a Stuttgart ta Jamus tun 1886, akwai ZF mai sunayen Sachs da Lemförder, akwai Mann da Mahle a fannin filta. Waɗannan kamfanoni sukan yi kaya su aika wa kamfanin mota ya sa a kwalinsa, sannan su yi irinsa su sa a nasu kwalin su sayar a kasuwa da rahusa. Wani lokaci in aka ɗauki famfon ruwa daga kwalin Aisin aka juya shi, sai a ga wani ɗan wuri a jikin alminiyam ɗin da aka goge da injin. Gurbin tambarin kamfanin motar ne aka kankare, domin ba su da izinin sayarwa da shi. A irin wannan, ƙanenki ya yi gaskiya, ƙarin kuɗin na kwali ne da na dila.

Kuskurensa shi ne ya ɗauka kaya iri biyu ne a kasuwa, orijina da na araha. Iri huɗu ne aƙalla. Akwai na kwalin kamfanin motar, shi ne mafi tsada. Akwai na kamfanin da ke yi wa masu ƙera mota kwangila, a kwalin kansa, kuma nan ne mai ƙaramin ƙarfi ya kamata ya fi zama. Akwai na kamfanonin da ba su taɓa yi wa mai ƙera mota aiki ba, suna sayen na asali su auna su kwaikwaya su sa sunansu. Wannan aji yana da faɗi sosai, a cikinsa akwai masu mutunci da suka shekara suna kare sunansu, akwai kuma waɗanda sunan da ke kwalinsu bana ba shi ne na bara ba. Sai na huɗu, jabu, wato kayan banza a kwalin babban kamfani. Mai sayen na uku ya san abin da ya saya. Mai sayen na huɗu an ci kuɗinsa sau biyu, ya biya na orijina ya tafi da abin da bai kai na araha mai suna ba.

Maganar Chana kuwa, ki ajiye ta gefe, ba ta raba gardama. Tun 2009 babu ƙasar da ta kai Chana ƙera motoci, a 2023 sun haura miliyan 30 a shekara ɗaya. Bosch da Denso duka suna da masana'antu a can. Kamfanin Fuyao na Chana yana yi wa manyan masu ƙera mota na duniya gilashi. Ƙasar da ke yin wannan ita ce kuma ke da ƙananan masana'antun da in ɗan kasuwa ya je ya faɗi iya abin da zai biya, za su yi masa kaya daidai kuɗinsa, su buga masa sunan da ya ga dama. Don haka rubutun ƙasa a kwali ba ya gaya miki komai. Wanda ya yi odar, da ƙa'idar da ya gindaya, da ko akwai mai dubawa kafin a loda, su ne magana.

To ina kuɗin ke tafiya? Ɗauki takalmin birki, tunda yana cikin jerinki. A ido abu ne mai sauƙi: farantin ƙarfe, an manna masa wani baƙin dunƙule. Dunƙulen nan gauraye ne na abubuwa da yawa, ƙarafa da zaruruwa da gam na musamman, an matse an gasa. Aikinsa ya kama da ƙarfi iri ɗaya da safe yana sanyi da kuma a gangaren dutse lokacin da zafinsa ya haura digiri 300. Kamfanin kirki yakan kwashe lokaci yana gwada haɗin a kan injin gwaji, yana ƙonawa yana zubarwa, kafin ya tsaya a kan guda. Duk wannan yana cikin farashi. Mai yin na araha ba ya gwajin nan. Yana cika haɗin da abin da ya fi sauƙin samu, ya rage gam, ya bar farantin ba maganin tsatsa. Ranar da aka ɗaura, shi da na kirki ba ki iya bambancewa, dukansu suna tsayar da mota a bakin titi. Bambancin sai ya yi zafi. A taka birki a ji ƙafa ta yi nisa mota ba ta rage gudu ba, ko kuma tsatsa ta shiga tsakanin farantin da dunƙulen ya ɓalle gaba ɗaya. Saboda haka ne ƙasashen Turai ke aiki da wata ƙa'ida mai lamba R90, wadda ta ce duk takalmin birkin da ba na kamfanin motar ba sai an gwada shi, kuma kamunsa kada ya kauce wa na asali da fiye da kashi 15 cikin 100, sama ko ƙasa. Wanda ya ci gwajin za ki ga lamba mai ɗauke da 90R a bayansa da jikin kwalinsa. Ba hujja ce yankakkiya ba, domin mai jabu ma ya iya buga lamba, amma rashinta a kan kayan da ba ki san sunan mai shi ba ya isa ki mayar.

Haka abin yake a kusan komai, ragin yana ɓoye ne inda ido ba ya kai wa. A altaneta da kwayil, ana sa wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a maimakon jan ƙarfe zalla. A batir ana rage dalma, shi ya sa in kika ɗaga biyu masu girma ɗaya sai ki ji ɗaya ya fi nauyi. A filtar baƙin mai ana rage takardar da ke ciki, a sa robar da zafi ke busarwa a bawul ɗin da ke hana mai zurarewa in an kashe mota. A bol-joyin ana tsallake ko gaggauta gasa ƙarfen da ke sa shi tauri, a sa robar murfi mai saurin tsagewa, ruwa da ƙasa su shiga su cinye giris. Akwai kuma wani kuɗi da mai saye ba ya taɓa gani, na kayan da aka zubar. Masana'antar kirki tana auna abin da ta yi, wanda ya kauce wa ma'auni ta watsar. Wata masana'antar ba ta watsar da komai. Shi ya sa za ki ji wani yana rantsuwa ya sa na araha ya shekara uku lafiya, wani kuma ya ce nasa bai yi wata biyu ba, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Na araha ba kullum ne yake da muni ba, matsalarsa ba a san wanda za a ɗauko daga cikin kwalin ba.

Amma kada in wanke manyan kamfanoni tas. Wani ɓangare na tsadar orijina ba shi da alaƙa da inganci ko kaɗan. Kamfanin mota yana ajiye dubban kaya daban-daban a rumbuna na shekaru, har da waɗanda ba a nema sai jifa-jifa, kuma masu tafiya da sauri su ke biyan hayar marasa tafiya. Daga masana'anta zuwa kamfanin mota, zuwa babban dilan yanki, zuwa ƙaramin dila, kowane hannu yana ɗora nasa. Sannan akwai abin da ba su cika faɗa ba: ribar da ake samu a kayan gyara ta fi ta sayar da sabuwar mota kauri, kuma inda kaya ba shi da mai gasa, farashinsa abin da suka ga dama ne. Babban suna ma ba ya hana kuskure. Kamfanin Takata na Japan shi ke yi wa manyan masu ƙera mota jakar iskar da ke fitowa lokacin haɗari, orijina ce daga masana'anta, amma aka gano wasu suna fashewa su watsa gutsattsarin ƙarfe, aka rasa rayuka, aka janye miliyoyin motoci, kamfanin ya durƙushe a 2017. Bambancin dai shi ne da abin ya faru an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Kwalin da ba shi da adireshi ba wanda za a kama.

Akwai kuma abubuwan da ke ɗaga farashin kowa da kowa, mai tsada da mai araha. Dakon kwantena mai ƙafa 40 a teku bai kai dala 2,000 ba a 2019, a watan Satumban 2021 ya haura dala 10,000. Ya sauko daga baya, sai hare-haren Bahar Maliya daga ƙarshen 2023 suka sa jirage da yawa suka bar mashigin Suwez suna zagayawa ta ƙasan Afirka, tafiya ta ƙaru da kwanaki, kuɗi ya sake hawa. Irin wannan ya fi dukan kaya masu cin wuri marasa tsada, kamar bamba da lagireto da fitila, domin kwantena ba ruwanta da darajar abin da ke cikinta, wuri take sayarwa. Farashin ƙarafa ma yana shiga. Tukunyar da ke jikin salansa mai tace hayaƙi tana ɗauke da filatinam da faladiyam da rodiyam, kuma a watan Maris na 2021 oza ɗaya ta rodiyam ta kusa dala 30,000. Wanda ya kawo miki irin tukunyar nan sabuwa da kuɗin banza, kin san abin da babu a cikinta. Ƙara da kuɗin kwastan, da canjin kuɗi a duk ƙasar da ke shigo da kaya. Ɗan kasuwa kuma ba da abin da ya saya jiya yake sa farashi ba, da abin da zai kashe ya sake cika kanta gobe ne.

A nan kin yi sa'a ɗaya. Corolla tun 1966 ake yin ta, zuwa 2021 an sayar da fiye da miliyan 50. Motar da ta yi yawa haka masu yi mata kaya suna da yawa, gasa tana sauke farashi, kuma kusan babu abin da ba za ki samu na aji na biyun nan ba, wato na masu yi wa kamfanin mota kwangila. Sai dai inda kasuwa ta yi yawa nan masu jabu ke tururuwa.

Su nake so ki fi jin tsoro, fiye da na araha mai faɗin sunansa. Fulogi na cikin abin da aka fi yi wa jabu. Corolla da yawa na shekarun baya-bayan nan da fulogin iridiyam suke fitowa, wanda tsininsa siriri ne, bai kai milimita 1 ba, kuma yakan yi kilomita 100,000 ko fiye. Na jabu kwalinsa kamar an tsaga kara da na gaske, amma tsinin ƙarfe ne na gama-gari, yakan fi kauri, ba ya jimawa yake cinyewa, in an yi rashin sa'a ya narke ko ya karye ya faɗa cikin injin. Ki duba rubutun da ke jikin farin tangaran ɗin, na gaske a tsaye yake tsaf, ba ya gogewa da yatsa. Ki duba zaren da ake murɗa shi da shi, ki duba ko zoben ƙarfen da ke wuyansa yana zamewa ya faɗo. In aka ce miki ga iridiyam na babban kamfani da kuɗin da bai kai rabin na dila ba, ba rahusa aka yi miki ba. Tsada kuma ita kaɗai ba shaida ba ce, mai jabu mai wayo da gangan yake sa farashinsa dab da na gaske don kada a zarge shi. Abin da ya fi kare ki shi ne wurin saye: dilan da kamfanin ya amince da shi, ko mai kayan da zai rubuta miki rasit da sunan kamfani da lambar kayan, ya kuma yarda a dawo masa da shi in ya ba da matsala. Wanda ya ce kaya in ya fita ba ya dawowa, ya gaya miki ra'ayinsa a kan kayansa.

Yanzu mu bi jerinki. Tambayoyi biyu za ki riƙa yi wa kowane abu: in ya lalace ina cikin tafiya me zai faru, kuma nawa ne wahalar sake ɗaura shi?

Bol-joyin shi ke riƙe ƙafar mota da ƙasan jikinta. In ya tsinke, taya takan karkace ta kwanta, sitiyari ya zama ba shi da amfani. Nan babu ciniki. Ki sayi na kwalin Toyota ko na sanannen kamfani irin 555 na Japan, daga hannun da kika yarda da shi. Ba ma shi ne mai cin kuɗi a jerin ba, don haka ragin da za ki samu a na araha bai taka kara ya karya ba.

Takalmin birki shi ma yau ne, ba gobe ba. Kukan da kike ji, in siriri ne kamar ana goga allura a faranti, mai yiwuwa ɗan harshen ƙarfen nan ne da ake sa wa takalmin don ya yi ƙara in ya rage kamar milimita 2 ko 3. In kuwa gurnani ne, ƙarfe ya fara cin ƙarfe, faifan birkin ma sai an duba. Ba dole sai kwalin Toyota ba. Akebono, Advics, Bosch, duk sun wadatar.

Famfon ruwa ba ya kashe mutum, injin yake kashewa. In ya saki ruwa mota ta yi zafi fiye da ƙima, kan injin na alminiyam ne, yakan lanƙwashe, gasket ya ƙone, gyaran da zai biyo baya ya ninka kuɗin famfon sau da yawa. Ki ce a nuna miki dalilin canza shi. A jikinsa akwai wani ɗan rami, in ya fara tafiya za a ga busasshen ruwa mai launi ya yi ɓawo a wurin, ko a ji yana gurnani, ko a kama fulinsa, wato faifan da bel ke juyawa, a ji yana lilo. In akwai ɗaya daga ciki, ki sayi Aisin a kwalin Aisin. In babu, ki riƙa duba ruwa da safe kafin a tayar da mota, ki ba shi lokaci.

Shokozoba su ne za su fi cin kuɗi, kuma su ne nake so a tabbatar kafin a saya. Ƙwanƙwasar da ake ji a gargada sau da yawa ba daga su take ba, daga bol-joyin ne, ko bushin, ko 'yan sandunan nan na sitabilaiza, waɗanda kuɗinsu kaɗan ne. A gyara waɗannan tukuna a saurara. In jikin shokozoba ya jiƙe da mai, ko in an danna gaban motar an saki tana ta rawa ba ta tsaya nan take ba, to sun mutu. Ko da hakan, sukan iya jira wata ɗaya ko biyu in kina tafiya a hankali, kina sane da cewa mota mai mataccen shokozoba ta fi daɗewa kafin ta tsaya. In lokacin ya yi, biyun za a canza tare, kuma kada ki sayi marar suna, domin aikin kwance ƙafar gaba da saitinta ba abin da za ki so ki biya sau biyu a shekara ba ne. KYB ya isa.

Fulogi, in motar tana tashi lafiya ba ta shaƙewa ba ta ƙara shan mai ba, zai iya zuwa ƙarshen layi. In za ki saya, Denso ko NGK, lambar da littafin motar ya faɗa.

Fitila kuwa, nan ki bi ƙanenki. Kamfanonin Taiwan irin su TYC da Depo sun daɗe suna yin fitilun da ke shiga daidai, da kuɗin da bai kusanci na orijina ba. Mafi munin abin da fitila mai araha za ta yi shi ne ta dushe da wuri ko ta riƙa shan ruwa, kuma wannan a hankali yake zuwa, kina gani. A dai tabbatar ta dace da hannun da ake tuƙi a inda kike, a kuma saita haskenta bayan an ɗaura. Madubi, marikin ƙofa, bamba, robar ƙasa, duk ajinsu ɗaya da fitila. A kansu karin maganar nan da ke cewa araha ba ta ado, ba ta cika aiki ba.

Wataƙila wani ya ba ki shawarar na hannu, wanda aka ciro daga motar da aka kwance. Ga fitila ko ƙofa ko madubi, orijina na hannu yakan fi sabon kwaikwayo. Ga abin da ke cinyewa da aiki, irin takalmin birki da bol-joyin da shokozoba da famfon ruwa, ragowar kwanan wani za ki saya, kuma ba mai iya gaya miki nawa ya rage.

Sai batun bakaniken. Ki fahimci abin da ke sa irinsu cewa orijina ko da ba su da wata manufa. In ya ɗaura na araha ya lalace bayan wata biyu, ba wanda zai zagi masana'antar, shi za a ce bai iya aiki ba, kuma sau da yawa shi zai sake kwancewa kyauta. Ga shi kuma motar marigayi ce, iyalinsa ke ciki. Mai yiwuwa tsoron kada wani abu ya same ku ta hannunsa ne ya sa ya zaɓi hanyar da ba za a zarge shi ba. Kamasho tsakanin mai gyara da mai kaya kuwa abu ne da ake yi a wannan sana'a ko'ina, samuwarsa kaɗai ba ta mai da mutum macuci. Yana zama cuta ne in ya sa aka canza abin da bai lalace ba, ko aka karɓi kuɗin orijina aka ɗaura wani abu.

Ba sai kin tuhume shi ba kafin ki gane inda ya tsaya. Ki je da kanki, ki gaishe shi yadda kika saba, ki ce: Malam, kuɗin ba za su kai duka a lokaci ɗaya ba, wanne ne in aka bari zai iya jefa ni da yara cikin haɗari, wanne ne zai iya jira? Sannan ki ce: ban da na kwalin Toyota, wane kamfani ka yarda da shi a kowanne? Wanda ya san aikinsa kuma yake nufin ki da alheri zai ji daɗin tambayar, zai jero miki sunaye, har ya gaya miki wanda ya taɓa ba shi kunya. Wanda ya tsaya a kan orijina dai orijina dai, bai iya ambatar suna ko ɗaya ba, to ki kai motar wani wuri a sake dubawa, ba tare da faɗa ba. Ki roƙe shi ya ɗaga motar a jak, ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza a gabanki, ya sa ƙarfe ya ɗaga ƙafar, in bol-joyin ya tafi za ki ga motsin da idonki. Neman a nuna miki ba rashin kunya ba ne, kuma masu gyaran kirki sun fi son mai mota da ya gani da idonsa. Ki tafi da ƙanenki in zai iya riƙe bakinsa, ya gani shi ma.

In kin fi so ki sayo kayan da kanki, ki tafi da lambar shasi, domin Corolla ta shekara ɗaya ma takan bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Amma ki san cewa in ke kika kawo kaya ya ba da matsala, ba ki da bakin cewa ya sake aikin kyauta. Ki kuma biya shi kuɗin aikinsa da kyau, kada ki matse shi a nan, domin bakaniken da aka tauye a kuɗin hannu shi ne ke neman cikon a kuɗin kaya. Ki ce a buɗe kwalayen a gabanki, tsofaffin da aka cire kuma a zuba miki a but.

Ranar da aka ɗaura sabon takalmin birki, kafin motar ta motsa a taka birkin sau da yawa har ya yi tauri, domin takun farko yakan tafi ƙasa babu kamu. A kilomita 200 zuwa 300 na farko ki guji taka shi da ƙarfi in ba dole ba, ya samu ya zauna a kan faifan. Bayan an taɓa bol-joyin ko shokozoba a kai ta saitin ƙafa, in ba haka ba sabuwar matsalarki taya ce mai cinyewa gefe ɗaya. Ki samu ɗan littafi ki ajiye a motar, duk abin da aka canza ki rubuta ranar, da sunan kamfanin, da kilomitan da ke kan allo a lokacin.